Amsa ga Malam a kan maƙwabtanmu Sabi'awa

Malam, Allah ya gafarta maka. Ka tambaya ko su wane ne mutanen nan masu fararen kaya da ka ga hotonsu cikin kogi a nan Sidni, da kuma yadda mu Hausawan da muka daɗe a Ostireliya muke zama da su.

Mandayawa ne, waɗanda Larabawan Iraki suke kira Sabi'a, kuma da wannan suna da ya zo a surorin Baƙara da Ma'ida da Hajji hukumomin Musulunci suka bar su a kan addininsu shekaru aru-aru. Asalinsu kudancin Iraki ne, wajen Amara da Nasiriyya da Basra, da kuma Ahwaz ta Iran. Bayan yaƙin 2003, da aka riƙa sace su ana kashewa, musamman da yake maƙeran zinariya ne kuma addininsu ya hana su ɗaukar makami, yawancinsu suka watse zuwa Suwidin da Amurka da nan.

Ba Kiristoci ba ne, ko da tutarsu ta yi kama da gicciye. Suna bauta wa Ubangiji ɗaya da suke kira Hayyi Rabbi, suna ganin rai daga duniyar haske ya fito, ya maƙale a jiki, kuma ilimin asalinsa ne zai mai da shi gida. Suna girmama Adamu da Shisu da Nuhu, babban malaminsu shi ne Annabi Yahaya, amma ba su yarda da Ibrahim da Musa da Isa ba, kuma ba sa kaciya. Babban littafinsu shi ne Ginza Rabba. Wankan da ka gani, masbuta, ana maimaita shi ranar Lahadi da lokacin aure da bayan haihuwa, kuma ba ya inganta sai a ruwa mai gudu, shi ya sa suke zuwa kogin Nepean.

Mu dai ba ma jayayyar addini da su, su ma ba sa kiran kowa zuwa nasu, domin a al'adarsu sai wanda aka haifa a ciki. Matanmu kan sayi zinariya a shagunansu, mukan yi musu ta'aziyya. Batun yankansu, da malamai suka saɓa a kai, bai cika tasowa ba, tun da mahautan halal suna nan a Auburn da Lakemba.

Abin da ya fi haɗa mu hira shi ne harshen 'ya'ya. Nasu harshen reshe ne na Aramiyanci, wani tsohon harshe dangin Larabci, mai haruffa 24, wanda yanzu kusan sai a addu'a ake jinsa, in ban da 'yan ɗaruruwan mutanen Ahwaz da suke magana da shi. Mu idan Hausar yaro ta raunana mukan tura shi Kano hutu wurin kakanninsa, su kuwa babu garin da za su tura nasu.