Me ya sa ciwon saifa ke komawa fadama ɗaya bayan shekaru?

Wani makiyayi daga yankin Wurno ya aiko da tambaya. Ya ce tun yana yaro shanun mahaifinsa suka mutu a wata fadama kusa da gulbin Rima, aka ƙaurace mata. Bana ya koma da nasa garken, sai ya wayi gari da bijimi a kwance, ciki ya kumbura, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci da dubura. Yana so ya sani ko wurin ne ke da iska.

Ardo, Allah ya mayar da alheri. Gwajin likitan dabbobi ne kaɗai zai tabbatar, amma alamomin nan na ciwon saifa ne, kuma ba iska ba ce. Wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Bacillus anthracis, wadda Robert Koch na Jamus ya bayyana yadda take rayuwa tun 1876. Rayuwa biyu gare ta, kuma wanda ya gane su ya gane maganin abin.

A cikin jinin saniya, inda abinci ya wadata, aikinta rabuwa ne kawai. Takan yi tsawo, sai wani furotin da ake kira FtsZ ya taru a tsakiyarta ya yi zobe, kamar an ɗaura mata igiya a ƙugu. Shi kaɗai ba ya iya komai: wasu furotin ne ke riƙe shi a jikin fatar ƙwayar, wasu su bi sawunsa suna gina sabon bango, wasu kuma su tsare bakunan biyu don kada zoben ya ɗauru a inda bai dace ba. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin gari ya waye jini ya cika da su.

Rayuwa ta biyu ita ce ta shafe ka. Idan abinci ya yanke kuma ƙwayar ta sami iska, wani furotin mai suna Spo0A ke karɓar ragama. Sai zoben nan ya bar tsakiya ya koma kusa da baki ɗaya, rabon ya zama na babba da ƙarami. Babban ɗakin ya haɗiye ƙaramin, kamar uwa ta rungume jariri, su riƙa aika wa juna saƙo ta cikin bango: ƙaramin ya ce na shirya, uwar ta fara aiki na gaba. Ana tsotse masa ruwa, a lulluɓe shi da riguna masu tauri bisa-bisa, daga ƙarshe uwar ta fashe ta sake shi. A ɗakin gwaji duk wannan bai wuce kamar awa 8 ba. Masana na kiran abin da ya fito sifo. Ni nakan kwatanta shi da gaiwa, wadda ke nutsewa cikin laka idan tafki ya ƙafe ta jira damina. Sai dai gaiwa ba ta kai shi haƙuri ba. Tsibirin Gruinard na Sikotilan, inda aka yi gwajin wannan cuta a 1942, sifon bai mutu ba sai da aka wanke ƙasarsa da magani a 1986, ba a buɗe shi ba sai 1990. To ina ga fadamarku, wadda ambaliya ke tonewa duk shekara, dabbobi kuma su ci ciyawa har da ƙasa idan rani ya tsananta?

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: muddin ba a farke mushen ba, yawancin ƙwayoyin ba sa samun iskar da za su zama sifo, ruɓewa ke kashe su cikin 'yan kwanaki. Wuƙa ce ke ba su rai. Na taɓa isa wata ruga na tarar an riga an feɗe, jini ya jiƙe ƙasa, saifar ta kumbura baƙa ƙirin kamar an cika salka, yara na rabon nama a kwanuka. Har yau abin na damuna. Kada a yanka, kada a feɗe, kada a kai fatar majema ko kasuwar Kara, domin sifo na rayuwa a busasshiyar fata. A toshe hanci da dubura da tsumma, a ƙone gawar ƙurmus a inda ta faɗi. In babu itace, a haƙa rami mai zurfin aƙalla mita 2, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a zuba har ƙasar da jini ya taɓa, a kewaye da ƙaya saboda karnuka. Duk wanda ya taɓa naman ya ga ƙurji mai baƙin tsakiya a hannu ko wuya, ya tafi asibiti a ranar.

Sauran garken a ɗauke su daga wurin, a kira likitan dabbobi. Akwai allurar rigakafi ta shekara-shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom na yin ta, kuma gara a yi kafin damina. Kada ka haɗa ta da allurar penisilin ko makamanciyarta a lokaci guda: rigakafin rayayyar ƙwaya ce mai rauni, maganin zai kashe ta. Shi penisilin ma ginin bango yake hanawa, shi ya sa yake kama mai rabuwa, ba ya taɓa mai barci, wato sifo.

Wata baiwar Allah mai sana'ar daddawa a cikin garin Sakkwato kuma ta ce ɗanta ɗalibi ya gaya mata ƙwayar da ke nunar da kalwa dangin ta ciwon saifa ce, hankalinta ya tashi.

Inna, ɗanki bai yi ƙarya ba, amma ki kwantar da hankali. Taki sunanta Bacillus subtilis, ba ta da dafin waccan, kuma mafi yawan bayanin da na yi a sama a jikinta aka gano shi. Kina dafa kalwa wuni guda, zafi ya kashe sauran ƙwayoyi, sifonta ya tsira ko ya shigo daga ƙwarya da ganyen rufi. Da ya ji ɗumi da laima sai ya farka, cikin kwana 2 zuwa 3 ki ji warin nan ki ga yauƙi. Ki dai riƙa juye kalwar da zafinta, ki rufe da wuri, kuma kada ɗanyen ruwan rijiya ya taɓa ta bayan dahuwa.