Oganik ɗin List daban, oganik ɗin masu haɗa man shafawa daban

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina aji huɗu a sashen kimiyyar sinadarai. Tun da na karanta labarin Benjamin List, wanda ya ci kyautar Nobel da firolin, sinadari mai araha, zuciyata ta kwanta da binciken katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Amma ɗakin gwajinmu ba shi da na'urar NMR mai gano tsarin sinadari, to ta ina zan fara? Sannan yayata tana haɗa man shafawa na "oganik", ta ce in zo mu haɗa hannu tunda oganik nake karantawa, wai duk abu ɗaya ne kuma ba ya cutarwa. Iyayenmu sun goya mata baya. Na rasa yadda zan yi. Ɗalibarku daga Zariya.

AMSA: 'Yata, damuwarki ta farko ta fi sauƙi, bari mu fara da ita.

Yadda ake ba da labarin List, kamar ya wayi gari ne ya ɗauko kwalbar firolin ya zuba sai ga Nobel. Ba haka aka yi ba. An haife shi a Frankfurt a 1968, ya yi karatu a Berlin, ya kammala digirin digirgir a 1997 a hannun Johann Mulzer, yana haɗa wani sashe na bitamin B12. Daga nan ya tafi cibiyar Scripps a Kalifoniya, ya yi aiki tare da Richard Lerner da Carlos Barbas a kan sunadaran garkuwar jiki masu yin haɗin aldol, wata hanya ta haɗa kabon da kabon. A can ya ga da idonsa cewa duk girman inzayim, wato katalis ɗin jikin mai rai, 'yan amino asid kaɗan ne ke yin aikin. Sai ya tuna aikin su Hajos da Parrish na farkon shekarun 1970, waɗanda suka yi amfani da firolin, wanda shi ma amino asid ne, a matsayin katalis, aka bar zancen yana kwance kusan shekara 30.

A takardarsa ta 2000 ya haɗa asiton da 4-naitirobenzaldihaid a cikin ruwan narkarwa mai suna DMSO, da firolin kashi 30 cikin ɗari na mol. Ya samu kashi 68 na abin da ake nema, da ee na 76, wato yawan ratar da siffar hannu ɗaya ta sinadarin ta ba ta ɗaya hannun. To ki tsaya a kan wannan 76 ɗin. Ta yaya ya san 76 ne? Da na'urar HPLC mai raba hannun dama da hannun hagu na sinadari. Firolin ne mai araha, awon ba mai araha ba ne. A 2003 ya koma Jamus, cibiyar Max Planck da ke Mülheim, ya zama darakta a 2005, ya kuma wuce firolin zuwa asid masu ƙarfi irin su IDPi, waɗanda ɗan ɗigonsu a ma'aunin ppm, wato kashi cikin miliyan, ke isa. Shekara 21 tsakanin takardar da Nobel na 2021, wanda suka raba da David MacMillan.

Saboda haka rashin NMR matsala ce ta gaske, ba zan ɓoye miki ba. Na taɓa rubuta takardar neman kwalbar sinadari guda ɗaya, ta yi wata bakwai tana yawo daga tebur zuwa tebur, har ɗalibin da zai yi aikin ya gama ya tafi bautar ƙasa. Amma abin da ke hannunki ki riƙe shi da kyau: TLC da kolum, hanyoyin rarrabe sinadaran da ke cakuɗe, tace sinadari ta hanyar ƙanƙara shi, awon zafin narkewa, da littafin gwaji wanda wani zai karanta ya maimaita aikin ba tare da ya neme ki ba. Samfur kuwa ana aika shi inda ake da na'ura. Ki fara duba tallafin karatu na hukumar DAAD ta Jamus tun yanzu.

Yanzu maganar yayarki. Wannan ita ce ta hana ni barci, domin kusan kullum sai na ci karo da ita.

Ke kin san cewa oganik a wajenmu ma'anarsa sinadaran kabon, shi ke nan. Tun 1828 da Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji aka fara rushe tunanin cewa abin da ya fito daga mai rai wani abu ne na daban. Fetur oganik ne. Benzin mai jawo sankarar jini oganik ne. Amma masu haɗi sun ɗauki kalmar sun mayar da ita hatimin lafiya: "Hajiya, ba kemikal a ciki, daga karas sai kurkum sai man kaɗe." Ina tambaya, yaushe karas ya taɓa mayar da baƙar mace fara cikin sati biyu? Da haka ne da masu noman karas sun fi kowa haske. Abin da ke yin wannan aikin da sauri sananne ne: haidirokwinon, ko sitiroid mai ƙarfi irin kilobetasol, ko gishirin zaiba. Biyun farko oganik ne tsantsa a ma'anarmu, kuma su ne ke lalata fata.

Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini robar mai ba suna ba lamba, ta ce in duba mata. Tun kafin in buɗe na ga amsar a jikinta. Gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, bayan hannu fari sol, jijiyoyi kore shar sun fito kamar an zana. Kumatunta da tabon baƙi mai shuɗi-shuɗi, irin wanda haidirokwinon ke bari idan an daɗe ana shafawa, kuma da wuya ya goge. Ta ce da jaririyarta ma tana shafa wa, don "na yara ne, oganik ne". Wallahi ranar sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Fatar jariri siririya ce, tana shan sitiroid fiye da ta babba. Shi kuwa sitiroid idan ya shiga jini yana iya kawo hawan jini da ciwon suga, ga nankarwa, ga rauni da ba ya warkewa da wuri. Zaiba kuma ƙoda take bi.

Ko da a ce daga tsiro komai ya fito, me ya tabbatar? Zaƙami tsiro ne. Ƙwayar zurma tsiro ce. Rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ba ya kashe gidaje. Sitiriknin, wanda MacMillan ya haɗa a mataki 12 da katalis ɗin oganik, wato marar ƙarfe, inda a da ake yin 29, daga ƙwayar wata bishiya ta Indiya yake, kuma guba ce mai sandarar da jiki har numfashi ya tsaya. Hatta ɗalibanmu wannan tunanin ya kama su. Sai su ce tunda ba ƙarfe a katalis ɗin, ba sai an sa safar hannu ba. Firolin kansa ba shi da wata illa sosai, amma DMSO da aka narka shi a ciki yana ratsa fata, yana kuma iya tafiya da abin da ya narke a cikinsa. Ya taɓa hannunki, jim kaɗan ki ji ɗanɗanon tafarnuwa a baki. Mai haɗi da ke zuba wannan a kan wancan a bokitin fenti, ba sikeli ba awo, ta san me ke ratsa me?

Abin da ya fi ba ni tsoro a maganarki shi ne, takardar shaidarki ake nema. Ranar da kika shiga, tallar za ta koma "masaniyar sinadarai ce ta haɗa", kuma mata za su yarda saboda ke. Duk fatar da ta lalace, kina da kamasho a alhakin.

Kada ki yi faɗa da yayarki, kada ki ɗaga wa iyayenku murya. Ki zaunar da ita, ki ce ta nuna miki kowace kwalba da kowane tub da take matsewa a haɗin, ku karanta rubutun jikinsu tare, ku duba ko akwai lambar NAFDAC. Idan tana son sana'a ta gaskiya, sabulu da man kaɗe da aka tace da kyau suna da kasuwa, kuma nan iliminki zai amfane ta. Masu shafa haɗinta da suka daɗe kuma, kada su tsaya dare ɗaya, domin fatar da ta saba da sitiroid tana yin ja ta yi zafi ta feso da ƙuraje idan an yanke farat ɗaya. Su je wajen likitan fata ya janye musu a hankali, kuma su tafi da robar man a hannu.