Amsa: Na yi ciwon suga lokacin goyon ciki, ya zan kare kaina bayan haihuwa?

'Yar'uwa, barka da sauka lafiya. Kin tambaya ko sugan ya tafi ke nan tunda kin haihu. Galibi yakan sauka, amma haɗarin kamuwa da ciwon suga nau'i na 2, wato mai ɗorewa wanda ya fi kama manya, ya fi na sauran mata nesa ba kusa ba. Don haka tsakanin mako 6 zuwa 12 ki koma asibiti a yi miki gwajin da ake shan ruwan gulukos giram 75, sannan ki riƙa maimaita gwaji duk shekara 1 zuwa 3.

Motsa jiki kuwa, abin da ake nema minti 150 ne a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya ce mai ɗan sauri, wadda numfashinki zai ɗaga amma kina iya magana. Ba sai kin fita ba. Zagaye tsakar gida da goyonki a baya ya wadatar. Mafi amfani ki taka minti 10 zuwa 15 bayan cin tuwo ko shinkafa, domin tsoka mai aiki tana zuƙe suga daga jini a daidai lokacin da yake hawa. Inda mata da yawa suke kuskure shi ne kishingiɗa da zarar an cinye.

Ki fara da minti 10, ki ƙara a hankali. In tiyata aka yi miki, jira izinin likita, yawanci bayan arba'in. In zubar jinin haihuwa ta ƙaru, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ki dakata ki je asibiti. Ki ci gaba da shayarwa, kuma kunun jego a rage masa suga sosai.