Amsa ga ɗan'uwan da farfesa ya gayyata cin abinci

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da na ga tambayarka cewa farfesanku zai kai ku wani ɗan gidan abinci na mata da miji a bayan makaranta, ga shi ba ka san abin da za ka iya ci ba, wallahi sai na tuna watana na biyu a Daejeon, wani birni a Koriya ta Kudu.

Ni ma haka aka kwashe mu. Ɗan shago ne, teburansa ba su fi shida ba. Tsohuwa na kicin, mijinta na wajen karɓar kuɗi, 'yarsu na kai kwanuka. Muka cire takalma muka zauna a ƙasa. Akwai wani da ke gaba da ni a ɗakin bincikenmu, shi na ba amana tunda yana jin Turanci. Na gaya masa ba na cin alade, ba na shan giya. Ya ce in kwantar da hankalina, kimchi jjigae za a kawo, kabeji ne da awara kawai. Ana tsananin sanyi, miya ta zo tana tafasa a 'yar tukunyar ƙasa, na haɗa da shinkafa na ci har ina gumi. Sai can ƙasan tukunya cokalina ya ɗago wani farin kitse. Na nuna masa. Bawan Allahn nan ya tuntsire da dariya, wai ai ɗan kaɗan ne, don ɗanɗano ake sawa. Ashe ya sani tun farko. Har ya juya yana ba na kusa da shi labari da Koriyanci. Na fita waje na tsaya a cikin sanyi da safa kawai, aman ma ya ƙi zuwa. Na san Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, amma dariyar nan har yau tana min ciwo. Shekara biyu muna zaune teburi kusa da teburi, bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Na bar shi da Allah.

Don haka kada ka dogara da tafinta. Ka yi wa matar magana da bakinka. Ka kira ta "imo", kamar ka ce inna, suna jin daɗin haka. Ka ce "dwaeji gogi mot meogeoyo", wato ba na iya cin naman alade, ko ka rubuta a waya da rubutunsu ka nuna mata. Kuma tambayar "akwai nama?" ba ta isa ba, don wasu ba sa lissafa ham da Spam (sarrafaffen naman alade) a cikin nama. Ka tambayi romon ma. Budae jjigae, mandu, jajangmyeon da sundae, duk ka yi nesa da su, galibi da alade a ciki. Gimbap, naɗin shinkafa, ma sai ka ce a cire ham.

Ni abin da ya cece ni shi ne godeungeo gui, gasasshen kifin nan da muke ce wa titus a gida. Ko bibimbap, shinkafa da kayan lambu, ba nama. Samgyetang kaza ce, amma maganar yanka ce kuma.

Ƙananan kwanukan da ake jerowa tare da abinci, banchan, kyauta ne, in sun ƙare ka nemi ƙari, ba kunya. Cokali da tsinkaye ka duba aljihun teburi. Ka bari farfesa ya fara ɗaukar cokali. In aka zo zuba soju, giyarsu, ka nemi "saida", lemo ne, ka karɓa da hannu biyu. Ba a barin kuɗin goro a teburi, a bakin ƙofa ake biya.

Af, in ka je masallacin Itaewon da ke Seoul ka saro nama ka cika firiza, tun 1976 yake nan kuma shagunan halal na kewaye da shi.

Tsohuwar kuwa, ashe ta ga fitata. Bayan mako guda na bi ta ƙofar shagon, ta aiko 'yarta ta kira ni, ta gasa min kifi ta ƙi karɓar ko won ɗaya, kuɗinsu na can. Yanzu da ta hango ni sai ta ɗora kifi a wuta. Da na dawo hutu na kai mata yajin ƙuli, mijin ne ya cinye. In garinmu ɗaya ka yi min magana, ranar Asabar in kai ka.