Wasan kiwon dodanni na kyauta a waya

Ɗan'uwa na Daura, ka tambayi wasan kiwon dodanni da ba sai an biya ba. Gwada Dragon City na kamfanin Social Point da ke Sifen, tun 2012 ya fito. Za ka haɗa dodon wuta da na ƙasa su yi ƙwai, ka jira ƙyanƙyasa kamar mai kiwon zabbi. Monster Legends ma nasu ne, can faɗa ya fi yawa.

Sai dai kyautar akwai lauje cikin naɗi: jiran suke sayarwa. Wani ƙwan har kwana yake, mai gaggawa sai ya sayi lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasan, don ya rage jiran. Ni nan Katsina bayan isha'i nake ajiye ƙwai, in duba da safe, ko sisi ban taɓa biya ba. Ka dai tanadi data, sai da intanet yake yi.