Tambayi Likita: Ana Iya Gwajin Taɓin Hankali Kafin Aure?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wani yaro na neman ɗiyata, ba mu da abin kushewa ga halinai. Sai dai mahaifinai ya daɗe yana amsar magani asibitin masu taɓin hankali na Kware, an ce sikizofireniya ce, wani nau'in taɓin hankali. Gwaggwanninta sun ce abin gado ne, a fasa. Tunda ana gwajin sikila, ba a iya gwada wanga ma, ko a yi mashi hoton ƙwaƙwalwa?
Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gado yana ciki, amma ba irin na sikila ba. Sikila ƙwayar gado guda ce, shi ya sa digon jini ke bayyana AA ko AS. Wannan ciwon kuwa, babban binciken da aka wallafa a 2022 ya gano wurare 287 cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da shi, kowanne da ɗan tasiri ƙalilan, kuma ni da ke duk muna ɗauke da wasunsu. Cikin mutum 100, kusan 1 ke kamuwa. Idan uwa ko uba na da shi, ya kan kai kusan 10. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ya sami Hassan, sau da yawa Hussaini lafiya lau.

Ga yadda ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon ke aiki. Lokacin balaga, ƙwaƙwalwa na sassabe mahaɗan jijiyoyin da ba ta bukata. A 2016 masana a jami'ar Harvard ta Amurka suka nuna ƙwayar gado mai suna C4 na da hannu a wannan aiki, kuma nau'in da ke aiki fiye da kima yana ƙara haɗari. Ana ganin shi ya sa ciwon ke yawan ɓulla tun daga ƙarshen samartaka zuwa wajen shekara 30.

Kada ku ɓata kuɗi kan hoto. Gaskiya ne an ga sashen ajiye tunani ya ɗan ƙanƙance ga masu ciwon, amma sai an haɗa hotunan mutane da yawa bambancin ke fitowa. Lissafin haɗarin daga ƙwayoyin gado ma akasari kan Turawa aka gina shi, ba ya cika daidai ga 'yan Afirka.

Da ni ne, shekarun yaron zan tambaya, sannan in bincika ko yana shan wiwi, don ita tana ƙara haɗarin, balle ga mai irin wannan gado. In akwai ciwon a danginku ma, ku je Kware tare da shi ku zauna da likita kafin a sa rana.