Kafin ka sayi babbar sabar, ka ji abin da ƙaramar ke faɗa

Tambayoyin da suka zo a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: shafin intanet ya tsaya ko yana jan ƙafa a kan sabar, wato injin da ke ɗauke da shi, mai shi kuma ya riga ya sa hannu a aljihu yana tambayar me zai saya. Na zaɓi shida, na taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta manhaja da Django, na ɗora ta a VPS, wato sabar ta haya da nake kula da ita da kaina, mai ƙwaƙwalwar RAM gigabait 1 da furosesa mai ƙwaya ɗaya. Nginx na gaba yana karɓar masu ziyara, Gunicorn na baya yana gudanar da manhajar, rumbun bayanai na PostgreSQL ma yana cikin injin. Kusan kullum idan mutane suka yi yawa sai shafin ya nuna 502 Bad Gateway, ba ya dawowa sai na kashe sabar na sake kunnawa. Inda nake haya akwai mai gigabait 8. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dakata da sayen tukuna. Lambar 502 ta riga ta gaya maka rabin labarin. Nginx ne ya rubuta maka ita, ke nan shi yana raye. Ya karɓi buƙatar mai ziyara, ya ƙwanƙwasa wa Gunicorn, bai samu amsar kirki ba. Da a ce Gunicorn yana nan amma ya yi jinkiri har Nginx ya gaji da jira, 504 za ka gani, kuma Nginx daƙiƙa 60 yake jira idan ba a canza masa ba. Da kuma rumbun bayanai ne ya faɗi Django yana raye, galibi 500 za ka gani. Kowace lamba da wanda take nunawa da yatsa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kashewa da kunnawar da kake yi. Duk lokacin da ka yi haka kana share shaidar da za ta nuna maka mai laifi. Idan ya sake faruwa, ka daure ka ba shi minti biyar. Shiga injin daga nesa ta SSH, ka buga `free -h` ka ga sauran ƙwaƙwalwa, ka buga `df -h` ka ga ko faifai ya cika, sannan ka buɗe `/var/log/nginx/error.log` ka karanta layukan ƙarshe. Idan ka ga "Connection refused", babu kowa a bayan ƙofar, Gunicorn ya mutu gaba ɗaya. Idan ka ga "upstream prematurely closed connection", wani ma'aikacinsa ne ya mutu yana tsakiyar aiki. Daga nan ka buga `dmesg` ka nemi layin da ke cewa "Out of memory: Killed process". Linux, tsarin da injin ke gudana a kai, yana da wannan ɗabi'ar: idan ƙwaƙwalwa ta ƙare ƙaf, sai ya zaɓi wani aiki, yawanci wanda ya fi cin wuri, ya kashe shi don injin ya tsira. Gani ya kori ji, kuma wannan layin ba ya ƙarya.

Zatona shi za ka tarar, ga kuma dalili. Gunicorn yana da uba guda ɗaya da ma'aikata a ƙarƙashinsa, kowane ma'aikaci kuma yana ɗauke da nasa kwafin manhajar a ƙwaƙwalwa. Shawarar masu Gunicorn ita ce a fara da ninki biyu na ƙwayoyin furosesa a ƙara ɗaya. A injinka ma'aikata 3 ke nan. Sau da yawa mutum yakan kwafo saiti daga wani darasi da aka rubuta don inji mai ƙwaya huɗu, ya sa 9. A ce kowanne yana cin megabait 150: tara sun cinye 1350, sun wuce abin da kake da shi tun kafin PostgreSQL ya karɓi rabonsa. Uku kuwa 450 ne kawai. Duba ainihin abin da naka ke ci da `top`, ka yi lissafin da kanka.

Sai abubuwa uku ƙanana. Ka sa `Restart=always` a fayil ɗin systemd na Gunicorn (systemd shi ne mai tayar da ayyuka a Linux), domin uban yana tayar da ma'aikacin da ya mutu, amma idan shi kansa aka kashe sai systemd ne zai tashe shi. Ka yi fayil ɗin swap na gigabait 1 ko 2, wato wani yanki na faifai da injin ke ara idan ƙwaƙwalwa ta cika, ya zama wurin numfashi a lokacin cunkoso. Idan kuma ka lura ƙwaƙwalwar ma'aikaci tana hawa a hankali ba ta sauka, ka sa `--max-requests` don a riƙa sabunta shi bayan wasu buƙatu, kafin ka gano inda take yoyo.

Idan maimakon haka "WORKER TIMEOUT" ka gani a rahoton Gunicorn, to ciwon daban ne. Wani aiki ne ya wuce daƙiƙa 30, uban ya kashe ma'aikacin. Nan sai ka nemi buƙatar bayanai (query) da ke wahalar da rumbun bayanai, wataƙila wani teburi ne ba shi da fihirisa, ko kuwa kana aika imel ko haɗa rahoto alhali mai ziyara yana tsaye yana jira. Irin wannan aikin a mayar da shi baya, a ba wa Celery, mai gudanar da ayyuka a bayan fage, ko makamancinsa. Gigabait 8 ba ya warkar da wannan ko kaɗan.

Idan ka gyara duk wannan, ka sa ido mako guda, ka ga har yanzu injin yana shiga swap kullum, to ka sayi ƙari da zuciya ɗaya. Amma ka hau zuwa gigabait 2 ka sake aunawa. Ƙara girman VPS abu ne mai sauƙi, rage shi kuwa, musamman faifai, yakan zama wahala.

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin shafi na WordPress a haya ta haɗaka, inda shafukan mutane da yawa ke zaune a inji ɗaya. An ce min VPS ya fi, kuma in bar Apache, manhajar da ke miƙa shafin ga masu ziyara, in koma Nginx. Ni ba ma'abociyar Linux ba ce. Me ka gani?

Amsa: 'Yar'uwa, jimlarki ta ƙarshe ita ce ta yanke hukunci. A haya ta haɗaka akwai masu kula da injin: su ke sabunta shi, su ke toshe ɓarakar tsaro. Ranar da kika karɓi VPS, duk wannan ya dawo kanki. Ke za ki rufe shiga da kalmar sirri ki koma mabuɗin SSH, ke za ki sa katangar tsaro ki bar ƙofofi 22 (ta SSH) da 80 (ta HTTP) da 443 (ta HTTPS) kawai, ke za ki riƙa sabunta tsarin. Ko nau'in Linux na Ubuntu mai dogon tallafi, wanda ke fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, shekara biyar ake ba shi gyaran tsaro na yau da kullum, kuma gyaran ba ya amfani idan ba a ɗora shi ba. VPS da ba a kula da shi ya fi haya ta haɗaka haɗari nesa ba kusa ba. Idan shafin ya yi nauyi, ki fara da rage girman hotuna, ki cire ƙarin manhajojin da ba ki amfani da su, ki sa na ajiye shafuka a shirye. Idan duk da haka wurin ya yi miki kaɗan, ki nemi hayar da masu ita ke kula da WordPress da kansu.

Batun Apache da Nginx kuwa, gardama ce da ta fi yawa a baki fiye da a aiki. Apache tun 1995 yake, Nginx kuma Igor Sysoev ya fitar da shi a 2004 don ɗaukar dubban haɗi a lokaci ɗaya ba tare da cin ƙwaƙwalwa da yawa ba. Duka biyun suna iya ɗaukar shafinki har da ninkinsa. Bambancin da zai taɓa ki kai tsaye shi ne Nginx ba ya karanta fayil ɗin `.htaccess`, WordPress da ƙarin manhajojinsa da dama kuma a nan suke rubuta dokokinsu idan suna kan Apache. Wanda ya yi ƙaura bai san haka ba yakan tarar shafin farko yana buɗewa, sauran duk suna nuna 404, wato ba a samu shafin ba. Ki zauna inda kike.

Tambaya: Masu amfani da shafina ba sa iya ɗora hoton da ya wuce megabait 1, sai su ga 413. Faifan ne ya yi kaɗan?

Amsa: Babu abin saya a nan. Nginx da kansa yake ƙin duk abin da ya wuce megabait 1 sai an ɗaga masa `client_max_body_size`. Idan PHP kake amfani da shi, akwai ƙofofi biyu a gaba: `upload_max_filesize` da ke zuwa a megabait 2, da `post_max_size` da ke zuwa a 8. Ka ɗaga duka ukun, na ƙarshen ya ɗan fi na tsakiya. Ka tabbata `php.ini` na PHP-FPM, wanda ke aiki tare da Nginx, ka gyara, domin na layin umarni daban yake, mutane da yawa a nan suke ɓata rana guda. Ka buga `nginx -t` ka gwada saitin kafin ka sake loda shi, ka mayar da wannan al'adarka.

Tambaya: Malam, an tallata min takardar shaidar tsaro ta SSL ta kuɗi, an ce ta fi ta kyauta ƙarfi. Gaskiya ne?

Amsa: Ta fuskar ɓoye bayanai tsakanin burauza da sabar, ƙarfinsu ɗaya. Ƙarfin yana fitowa ne daga saitin TLS (magajin SSL) na sabarka. Abin da wasu na kuɗi suka ƙara shi ne binciken cewa kamfanin da ke bayan shafin yana nan da gaske, kuma tun 2019 Chrome da Firefox suka daina nuna sunan kamfanin a layin adireshi. Idan babu wata doka ko yarjejeniya da ta wajabta maka irin waccan, takardar kyauta ta Let's Encrypt ta wadatar.

Inda ake faɗuwa shi ne sabuntawa. Takardar Let's Encrypt kwana 90 take yi, an gina ta ne don inji ya riƙa sabunta ta da kansa. Ka buga `certbot renew --dry-run` ka ga ya wuce lafiya. Kada ka rufe ƙofa 80 da sunan kana da 443, domin ta nan ake yin tantancewar da aka fi amfani da ita. Ka kuma tabbata Nginx yana sake loda kansa bayan sabuntawa, in ba haka ba zai ci gaba da miƙa tsohuwar takarda alhali sabuwa tana kwance a faifai. Tun watan Yunin 2025 Let's Encrypt ta daina aika imel ɗin tunatarwa, don haka sa ido ya koma kanka.

Tambaya: Na ɗauke manhajata ta Java daga Tomcat 9 zuwa Tomcat 10 a sabuwar sabar. Tomcat yana tashi a ƙofa 8080, amma manhajar tana nuna 404. Sabar ce ba ta da kyau?

Amsa: Sabar lafiyarta lau. Daga Tomcat 10 aka canza sunayen fakitoci daga `javax.servlet` zuwa `jakarta.servlet`, manhajar da aka rubuta da tsohon suna kuma ba ta tashi yadda ya kamata a sabon. Rahotannin da ke cikin jakar `logs` za su nuna maka. Hanya biyu ce: ka ɗora Tomcat 9 a sabuwar sabar ka ci gaba da aiki, ko ka yi ƙaurar da gaske, kai da duk manhajojin taimako (libraries) da manhajar ta dogara da su. Masu Tomcat suna da kayan aikin da ke juya sunayen. Ni zan ce ka koma 9 yau don masu amfani su samu shafinsu, ka yi ƙaurar a injin gwaji cikin natsuwa. Tunda kana wurin, ka saita `-Xmx`, wato iyakar ƙwaƙwalwar da Java za ta ba manhajar, da hannunka, domin idan ka bar Java ta zaɓa, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwaƙwalwar injin kawai take ɗauka.

Tambaya: Malam, kullum cewa kake kada a saya. To idan ina da ɗan abin kashewa, a ina zan sa shi?

Amsa: Tambayar ta yi min daɗi, ɗan'uwa, domin akwai inda nake so a kashe. Na farko wurin ajiye kwafi a wajen injin. Kwafin da ke kwance a faifai ɗaya da rumbun bayanai tare za su tafi ranar da faifan ya tafi. Hoton inji (snapshot), wato kwafin injin gaba ɗaya, da masu haya ke sayarwa yana da amfani, amma ka haɗa da kwafin rumbun bayanai ta `pg_dump` ko `mysqldump` na kullum, a tura shi wani wuri daban. Na biyu, abin da zai riƙa leƙa shafinka daga waje kowane 'yan mintuna, ya sanar da kai idan ya faɗi, ko faifai ya kusa cika, ko takardar tsaro ta kusa ƙarewa.

Wannan na faifai na ɗanɗana shi da kaina. Akwai daren da wata manhaja da nake kula da ita ta daina karɓar kowa, furosesa a kwance, ƙwaƙwalwa a sake, na yi ta zagaye kusan awa biyu ina zargin rumbun bayanai. Ashe wani fayil ɗin rahoto ne da ban sa a ƙarƙashin logrotate, mai rage tsofaffin rahotanni, ba ya yi ta kumbura wata da watanni har ya cinye faifan, rumbun ya rasa inda zai rubuta ko layi ɗaya. Tun daga ranar `df -h` ne umarnin da nake fara bugawa, kuma nakan sa a sanar da ni tun faifai yana kashi 80 cikin ɗari.

Idan kuɗin ya ragu bayan waɗannan biyun, ka yi hayar ƙaramin inji na 'yan awoyi sau ɗaya a wata, ka dawo da kwafin jiya a kansa, ka shiga manhajar ka ga bayanan suna nan, ka rubuta minti nawa aikin ya ɗauke ka, sannan ka goge injin.